Kunnen Musbahu

Duk wanda ya san gidan Malam Dattijo wanzami ya san ba shi ne ya tsaya wa auren 'yarsa Mubina da Musbahu a wuya ba. Shi kam yana son Musbahu tun ranar da aka miƙo masa shi a zani ya yi masa askin suna, jariri fari tas yana ta ƙifta ido, mata na leƙe ta kan katanga suna ƙus-ƙus wai an haifi zabiya a unguwa. Daga ranar har yau da ya zama cikakken saurayi mai gonar tumatir a bakin kanal, kan Musbahu bai san askar kowa ba sai ta Malam Dattijo.

Matsalar tana gidan Baffa Badamasi, wan Malam Dattijo uwa ɗaya uba ɗaya. A danginsu uba ba ya buɗe baki ya ba da auren 'yarsa alhali wansa na da rai, don haka maganar Mubina a hannun Baffa take. Shi kuwa Baffa ya ce bai ga dalili ba. Ga Salim mai injin casar shinkafa a Kura yana ta aiko da gaisuwa, yaro lafiyayye, me za a yi da wanda rana ke dafawa? Ya ce ba zai tilasta mata Salim ba, ya san abin da addini ya ce, amma shi ma babu mai tilasta masa ya ɗaura wa 'yarsa takaba da hannunsa. Wai zabiya ba ya tsufa. Inda ya samo wannan karatun, oho.

Mubina ta yi kuka har ta gaji, ta koma ta yi shiru, shirun da ya fi kukan damun mahaifiyarta, Inna Iyatu. Ba ƙaramar yarinya ba ce, ta gama sakandare tuntuni, ita ke riƙe da sana'ar gumin shinkafar gidan, ta san abin da take so. Abin da take so kuwa Musbahu ne, ba ta ɓoye wa kowa ba.

Ana cikin wannan ja-in-ja aka ga wani abu a kunnen Musbahu.

Malam Dattijo ne ya fara gani, ran kasuwar Bunkure, yana masa aski a rumfarsa. Wani ɗan wuri ne a saman kunnen hagu, ya yi kaushi ya yi ɓawo kamar ƙanzon tukunya. Ya taɓa da ɗan yatsa, ya tambaye shi ko yana ciwo, Musbahu ya ce a'a, sai dai in ya ɓare ya sake dawowa. Malam bai gaya wa kowa ba, amma rumfar wanzami ba wurin sirri ba ce. Kafin a tashi kasuwa magana ta riga su isa gida, kafin magariba Baffa ya zo da ita a bakinsa, ya ce ga abin da yake faɗa nan ya fara fitowa.

A nan ne Malam Dattijo ya yi furucin da ya zame masa ƙarfen ƙafa. Don ya kare yaron, ya ce wa yayansa wannan ai tsiro ne, bai kai ga zama ciwon daji ba, kuma shi da hannunsa zai cire shi tas da zarar sanyi ya shigo, lokacin da ake yi wa yara kaciya, don da zafi miki ba ya saurin kamewa. Baffa ya dube shi ya ce to, ya ji. In ya cire, wurin ya warke, shi Badamasi zai karɓi magabatan yaron da hannu biyu. In kuwa ba a cire ba, kada wanda ya sake kawo masa maganar. A gaban mutanen da ke zaune a dakalin ƙofar gida aka yi, magana kuwa zarar bunu ce.

Allah sarki Mubina, ranar har da murnarta. Gani take an gama.

*

Kafin sanyin ya shigo sai ga sanarwa daga ƙungiyar zabiya, wai likitocin fata za su duba mutane a wani asibiti a cikin birni. Mubina ce ta matsa wa Musbahu ya je, shi da ya so ya fake da cewa dashen tumatir ɗinsa na bukatar ruwa. Ya hau bas da sassafe ya tafi, ya dawo yana ba ta labari kamar wanda ya sauko daga Makka.

Ya ce ya shiga yana jiran ya ga wuƙa da almakashi, sai likitar, wata mata mai fara'a da ake kira Dakta Nafisat, ta ɗauko wani ɗan abu kamar tocila mai gilashi a baki, ta maƙala shi a jikin wayarta. Ta ɗiga masa ɗan mai a kunne, ta ɗora gilashin a hankali, shi ke nan. Babu allura, babu jini. Da ta juyo masa wayar sai ya ga kunnensa ya yi girman faifai, ga wasu jajayen ɗige-ɗige a cure wuri ɗaya waɗanda ido bai taɓa gani ba. Ta ce ƙananan jijiyoyin jini ne, su take karantawa. Ta gaya masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye, farkon kansar fata ne, irin wadda rana ke jawo wa zabiya, amma ya zo da wuri, tana nan a saman fata ba ta yi saiwa ba.

Wasu ƙananan wurare masu kaushi da ke bayan hannunsa kuwa a take ta fesa musu wani hayaƙi mai sanyin tsiya daga wani abu kamar filas ɗin shayi, suka daskare suka yi fari, ta ce za su yi bororo su bushe su faɗi da kansu. Na kunnen ta ba shi man shafawa, safe da yamma, na 'yan makonni. Ta gargaɗe shi sosai cewa wurin zai yi ja, zai sale, zai yi muni fiye da yadda yake, har inda ido ke ganin lafiya lau zai iya tashi, don maganin bin ɓoyayyen ciwon yake yana tono shi. Kada ya tsorata, kada ya daina. Kuma kada ya bari kowa ya sa masa ƙarfe, tsaga ko sakiya, don in aka yanke na sama aka bar saura, tabo zai rufe shi, gilashinta ba zai ƙara ganinsa da kyau ba, shi kuma ya yi ta cin ciki ba a sani ba. In ya gama shafawa ya dawo ta sake dubawa. In da abin da ya rage, su da kansu za su ɗebi ɗan yanki su auna a asibiti.

Mubina ta ce to ai sai ya gaya wa Baba. Musbahu ya ce zai gaya masa. Yau zai gaya masa, gobe zai gaya masa, har sanyi ya shigo bai gaya masa ba. Ta ina zai fara? Mutumin da ya yi maka askin suna, ya yi maka kaciya, ya tsaya maka a gaban yayansa, kuma surukinka in Allah ya yarda, ka dubi ƙwayar idonsa ka ce askarsa ba ta yi ba?

Kunya ta riƙe masa harshe, maganin kuwa bai jira kunyarsa ba. Kunnen ya yi jawur, ya sale, jan ya gangaro bayan kunne ya nufi wuya. Duk malafar da yake kifawa ba ta hana mutane gani ba. Mata a wurin wankin bakin kanal suka yanke hukunci cewa maganin asibiti ya tunzura abin. Shi ma Salim labari ya kai masa, ya taso takanas da motarsa ya zo yi wa Baffa jaje, jajen da ba wanda ya aike shi, ya kuma bar saƙo cewa duk shinkafar da Mubina ta kawo injinsa kada yaransa su sa ta a layi. Daga ranar Mubina ta daina kai masa shinkafarta, ta gwammace ta kai wani tsohon inji a Bunkure mai karya ƙwaya.

Ranar wata Juma'a Baffa ya aiko wa ƙaninsa cewa ga sanyi ya zo, ga abu na yaɗo, gobe da safe yana nan tafe ya ga cika alkawari.

*

Da la'asar sakaliya Mubina ta je kwashe shinkafar da ta shanya a gefen titi. Daga nan ana hango gonar Musbahu. Tun dawowarsa daga asibiti ya daina fita da rana tsaka, sai da sassafe da irin wannan lokacin. Yana tsugune a bakin kanal yana jera tiyo, ruwa na bi ta ciki yana gangarawa fangali-fangali. Da ya gan ta ya wanke hannu ya taso, suka tsaya a kan kwalbati, ita a wannan gefe shi a wancan, masu kekuna da babura na wucewa suna musu sannu.

Ya fara yi mata zolayar da ya saba, wai uwargida ta fito duba ma'aikata. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye shi ko gaskiya ne ya ce wa Baba yana nan zuwa gobe. Ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya ne.

"Yaya Musbahu, likita ta ce kada a sa maka ƙarfe. Da bakinka ka gaya min."

"Na sani."

"To me zai kai ka?"

Ya ce tun yana yaro ake gudunsa, in ya sha ruwa a moɗa wasu sai sun ɗauraye kafin su sha, in ya zauna a tabarma sai ya ga ana matsawa. Mutum ɗaya ne ke kama kansa da hannu biyu ba ƙyama, ya juya shi dama ya juya shi hagu yana masa hira. Yanzu mutumin nan ya ba da mutuncinsa jingina saboda shi. In bai je ba, Baba ya zama mai magana biyu a gaban yayansa, shi kuma ya rasa ta. In ya je, ɗan yanka ne kawai, ƙila Allah ya sa a dace.

"Ƙila," in ji Mubina. Hawayen da take riƙewa suka zubo, ba ta share ba. "A kan ƙila za ka miƙa kanka? Ni fa ba tabon nake tsoro ba, ko ba ka da kunne ko ɗaya ina sonka. Abin da za a rufe a ciki nake tsoro. A ɗaura mana aure ana ta murna, shi yana can yana cin ka, sai ranar da ya fito a ce mana an makara. Ka ga ke nan maganar Baffa ta tabbata, kuma mu muka tabbatar masa da ita da hannunmu."

"In ban je ba, Salim za a ba."

"Ba za a ba da ni ba, Baffa da kansa ya faɗa. Zama zan yi."

"Har yaushe?"

Ta roƙe shi da girman Allah, ta roƙe shi da darajar mahaifiyarsa. Ta ce ta yarda ta jira ko shekara nawa ne, ta yarda ma a ce an fasa, in dai zai ƙarasa maganinsa ya koma wurin mai gilashin nan. Shi ma idonsa ya kawo ruwa, ya ce ta daina kuka a titi, mutane na kallo. Bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba. Ya taya ta ɗora buhu a baro, ya koma wurin ruwansa da ya fara tumbatsa.

Da ta isa gida ta tarar da Baba a tsakar gida, ya zazzage zabirarsa yana wasa aska a kan dutse. Ta durƙusa nesa kaɗan ta zayyana masa komai, gilashin, man shafawar, da gargaɗin likita. Ya saurare ta har ta gama, don shi ba mai katse wa mutum magana ba ne. Sannan ya ce ya ji, kuma bai raina ilimin asibiti ba, amma shi ma da idonsa ya ga wani zabiya a Garun Mallam da aka bar wa irin wannan ana ta shafe-shafe har ya cinye masa rabin fuska. Ga shi ita ma shaida ce, tun da aka fara shafa man nan abin ƙaruwa yake. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya ce ta tashi ta je ta taya Innarta aiki, ya san abin da yake yi.

Ta tashi ta shiga madafa. Inna Iyatu ta miƙo mata muciya ta ce ta bar wa Allah, mahaifinta bai taɓa cutar kowa ba. Ai wannan shi ne abin da ya fi ci wa Mubina rai. Ta san don so yake yi, da mugunta ce da ta san yadda za ta yi fushi da shi.

*

Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, inda haske ya fi. Baffa Badamasi ya zo da carbinsa, aka kawo masa kujera. Wasu maƙwabta suka zauna a dakali kamar masu shan hantsi, alhali kowa ya san abin da ya fito da su. Mubina na cikin zaure a bayan ƙyaure, addu'arta ɗaya ce, Allah ya sa kada Musbahu ya zo.

Sai ga shi ya zo. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gai da Baffa, ya gai da Malam, ya ajiye malafarsa, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa yadda ya saba zama tun yana yaro. Mubina ta jingina da bango.

Malam Dattijo ya yi bisimilla, ya jiƙa masa gefen kai, ya aske gashin da ke kewaye da kunnen don ya ga wurin sosai. Ya goge askar. Ya kama kan yaron ya karkato shi wajen haske.

A nan Musbahu ya ɗaga hannunsa ya rufe kunnen.

"Baba, ka gafarce ni," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, kansa a sunkuye. "Na zo ne don kada a ce ka kira ni na ƙi zuwa. Amma likita ta hana. Ka yi min duk abin da ka ga dama, ban da nan."

Wani daga masu dakali ya yi salati a hankali. A garin nan ba a taɓa jin wanda ya zauna a tabarmar wanzami ya tsayar masa da hannu ba, balle mai neman aure a gidansa. Baffa ya yi guntun murmushi, ya ce wa ƙaninsa ya gani ko, tun ba a ba shi ba ke nan.

Malam ya ajiye askar a kan zabira inda yaron zai gan ta, ya ce masa ya sauke hannu, dubawa kawai zai yi. Musbahu ya sauke.

Malam ya daɗe yana dubawa. Ya bi jan da ɗan yatsa ba tare da ya taɓa ba, daga saman kunne zuwa bayansa, daga bayansa zuwa wuya. Ya tambaye shi ko duk nan yake shafa man, ya ce eh, haka aka umarce shi. Ya nuna wani wuri a tsakiya da ya rage fari lafiya lau, ya ce nan fa? Musbahu ya ce nan ma yana shafawa, bai tashi ba ne kawai. Malam ya gyaɗa kai a hankali, ya ce kamar mai magana da kansa, da man ne ke ƙona fata da duk inda ya taɓa ya ƙone, wannan kuwa zaɓe yake yi.

Sai ya juya ga yayansa.

"Yaya, ran da na yi maka alkawari, abin da na gani bai fi ƙwayar masara ba, shi na ce zan cire. Ashe ga inda ya kai, idona bai gani ba. Wanzami yana yanka ne inda ya ga bakin ciwo. Ni yau ban ga bakinsa ba. In na sa aska ban san inda zan tsaya ba."

Baffa ya ce shi ba dogon bayani ya zo ji ba. An yi magana a gaban mutane ko ba a yi ba? Malam ya ce an yi.

"To ka cika ko ba ka cika ba?"

Malam Dattijo ya ɗauki askar ya naɗe ta ya mayar cikin zabira. Mutum ne da ba a taɓa kama shi da saɓa magana ba, har masu rigimar iyakar gona shi suke kira shaida. Mubina ta hango gefen fuskarsa ta tsagar ƙyaure, ta ga yadda haɓarsa ke motsi kafin maganar ta fito.

"Ban cika ba, Yaya."

Baffa ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce to shi ma yana nan a kan tasa, ya cire hannunsa daga maganar yarinyar nan, duk wanda ya ga zai iya ba da aurenta, ga fili ga mai doki. Ya yi sallama ya tafi. Masu dakali suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Musbahu na nan zaune, gefen kai a aske gefe da gashi, hawaye na ɗiga a kan tabarma. Ya fara ba da haƙuri, Malam ya ce ya yi shiru kada ya motsa, ba zai bar shi ya shiga gari da rabin aski ba. Ya sake fito da askar ya ƙarasa masa tas, yana kewaye jan wurin a hankali. Da ya gama ya ce masa ya sa malafarsa rana ta fara zafi, kada kuma ya tsallake shafa maganin ko sau ɗaya, ranar komawa asibiti ya biyo masa su tafi tare.

Sai da Musbahu ya sha kwanar masallaci sannan Malam ya shigo zaure. Mubina ta zube a gabansa tana kuka tana godiya. Ya bar ta ta yi mai isarta. Da ta ɗago tana share fuska, murna ta sa ta yi tambayar da ba ta dace da bakin 'ya ba. Ta ce tunda Baffa ya cire hannu, yanzu shi Baba ne zai ba da auren ke nan?

Ya dube ta, idanunsa sun yi ja.

"Mubina, yau na karya maganata don kada in cuci ɗan mutane. Ba zan haɗa da karya zumunci ba. Muddin Yaya na numfashi, bakina ba zai ba da aurenki ba."

Ya rataya zabirarsa ya fita, ana jiransa a wani gidan suna.

Ita kuwa ta daɗe zaune a ƙasan zauren. Ta roƙi Allah abu ɗaya ya ba ta, Musbahu ya tashi daga tabarmar nan ba a sa masa ƙarfe ba, sai ga shi auren da take kuka a kai ya fi jiya nisa. Ta yi hamdala tana hawaye, don ko yanzu aka mayar da ita jiya abin da za ta roƙa ke nan.

Can ta miƙe ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafinta. Inna Iyatu ta tambaye ta ina za ta da wannan kumburarrun idon.

"Gidan Baffa," ta ce.